Takardar da ake sa wa hannu bayan mujalla ta karɓi maƙala

Saƙon da malamin jami'a ya fi ɗokin gani gajere ne: mujalla ta karɓi maƙalarka. Bayan kwana biyu ko uku wani saƙon kan biyo baya, ana neman ka shiga wani shafi ka sa hannu kan yarjejeniyar bugu. Shafi uku ne ko huɗu, da Faransanci ko Turanci, haruffa ƙanana, a ƙasa ga ɗan akwatin da za a danna. A nan Damagaram yawanci a waya ake buɗe shi, ga dosiyen CAMES, hukumar da ke tantance ƙarin matsayin malaman jami'a, yana jira, ga forfe yana ƙarewa, sai a danna a wuce. Wata shida bayan haka ɗalibin da ya taya ka ɗibar ruwan rijiyoyin Miriya zai nemi maƙalar a intanet, shafin ya ce masa ya biya dala 35 ko 40. Dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, wato abin ya tasam ma jika ashirin. Kai kanka da ka rubuta, idan ka ɗora masa ita a inda kowa zai gani, ƙila ka saɓa abin da ka sa wa hannu.

Tun daga ranar da ka rubuta maƙala, haƙƙinta naka ne da abokan rubutunka, ba sai ka yi rajista a ko'ina ba. Haka yarjejeniyar Berne ta 1886 ta tanada, Nijar kuma tana cikinta. A gida akwai dokar 2010-95 ta ranar 23 ga Disamba 2010 kan haƙƙin marubuci, akwai rataye na bakwai na yarjejeniyar Bangi da ƙasashen OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta Afirka, ke bi, akwai kuma BNDA, hukumar kare haƙƙin marubuta ta ƙasa, a Yamai, ko da yake an fi saninta da sha'anin mawaƙa. Tsarin da muka gada ya raba haƙƙin gida biyu. Na farko shi ne na mutuncin marubuci: a ambaci sunanka, kada a jirkita aikin ta hanyar da za ta zubar maka da daraja. Wannan ba a sayar da shi. Na biyu shi ne na cin moriya, wato ikon kwafa, rarrabawa, fassarawa da sayarwa, kuma shi ne kamfanin ɗab'i yake nema a wancan shafin. Abin da doka ke karewa shi ne rubutun da yadda aka tsara shi, da hotuna da zane-zanen da ka yi. Sakamakon kansa, alal misali adadin gishirin da ka auna a rijiya, kowa yana iya ambatonsa ya jingina gare ka.

Yarjejeniyoyin da ake turowa kusan iri uku ne, kuma kalma ɗaya ko biyu ce ke bambanta su. Idan ka ga "cession" a ta Faransanci ko "transfer" a ta Turanci, miƙa haƙƙin cin moriya kake yi ɗungurungum, yawanci a duk ƙasashe da duk harsuna har ƙarshen wa'adin kariya, wanda bai gaza shekara 50 bayan rasuwar marubuci ba. Idan ka ga lasisi mai kalmar "exclusive", a takarda haƙƙin yana nan da sunanka, har za a buga alamar haƙƙi (©) da sunanka a ƙasan shafin farko, amma ikon yanke shawara ya koma hannun kamfani shi kaɗai. Wannan shi ya fi ruɗar mutane, domin malam zai ce ai ban sayar da komai ba, alhali ko fassara maƙalar zai yi sai ya nemi izini. Kamar wanda ya ba da jinginar gona ne ba tare da ranar fansa ba. Iri na uku, lasisin da aka rubuta "non exclusive", shi ne mai sauƙi: ka ba mujalla izinin bugawa, ka kuma riƙe ikon sake amfani da aikinka yadda ka so.

Ko a cikin yarjejeniyar miƙawa akwai sashen da ke lissafa abin da aka bar wa marubuci. A nemo shi a karanta a tsanake. Yawancin manyan kamfanoni suna barin ka sa maƙalar cikin tez ɗinka, ka raba wa ɗalibanka a aji, ka aika wa abokin aiki da ya roƙa. Abin da suke ƙuntatawa shi ne ɗorawa a fili. A tuna kuma cewa wanda ya danna akwatin yana dannawa ne a madadin duk marubutan, don haka a tura musu kwafin yarjejeniyar kafin a sa hannu, a adana ta a matsayin PDF bayan an sa. Shafin da aka danna ba ya dawowa.

Maƙala ɗaya tana da kamanni uku, kuma dokar kamfani ta bambanta a kan kowace. Akwai wadda ka fara aikawa kafin masu tantancewa su gani. Akwai wadda aka amince da ita bayan ka yi duk gyare-gyaren da suka nema, tana nan a fayil ɗinka na Word, babu tambarin mujalla, babu lambar shafi. Sai ta ƙarshe, PDF ɗin da kamfani ya tsara da ginshiƙai da tambari. Ta tsakiyar nan ita ce dukiyar marubuci, domin abin da ke cikinta daidai yake da na bugun ƙarshe, kuma ita ce yawancin mujallu ke yarda a ajiye a rumbun da kowa zai shiga, wasu nan take, wasu bayan wa'adin kulle na wata 6, 12 ko 24. Ita ce kuma aka fi zubarwa. Kwamfuta ta lalace saboda yawan ɗauke wuta, ko fayil goma sha biyu duk sunansu "final", ko abokin rubutu na waje ne ya yi gyaran ƙarshe bai turo ba. Ranar da saƙon karɓa ya zo, a ranar za a ɗauki fayil ɗin, a haɗa shi da jadawalai da hotuna a wuri ɗaya, a sa masa sunan mujalla da kwanan wata da kalmar "amintacce", a aika wa kai ta imel. Tsarin da aka aika maƙalar ta cikinsa yakan rufe fayilolin bayan an buga, neman su daga baya ihu ne bayan hari.

Maganar buɗe ƙofar bincike ga kowa ta samu suna ne a sanarwar Budafes ta Fabrairu 2002, ko da yake masana fizik sun riga sun fara ajiye rubuce-rubucensu a rumbun intanet na arXiv tun 1991. Sanarwar ta nuna hanya biyu: marubuci ya ajiye kwafinsa a buɗaɗɗen rumbu, ko a kafa mujallun da ba su karɓar kuɗi daga mai karatu. Babu inda ta ce dole marubuci ya biya. Amma a bakin malamai da yawa yanzu, da an ce buɗaɗɗiyar mujalla sai a ce ta kuɗi ce, saboda manyan kamfanoni sun mayar da nauyin daga mai karatu zuwa marubuci. Lokacin da mujallar Nature ta buɗe wannan hanya a 2021, farashin maƙala ɗaya Yuro 9,500 ne. A lissafin sefa 655.957 kan kowane Yuro, ya haura miliyan shida da jika ɗari biyu. Wannan shi ne can ƙololuwa, amma dala 1,500 zuwa 3,000 abu ne da ake gani kullum. A ɗaya gefen, mafi yawan mujallun da ke cikin DOAJ, kundin buɗaɗɗun mujallu na duniya, ba su karɓar ko dala daga marubuci, jami'a ko ƙungiyar masana ce ke ɗaukar nauyinsu. A shafin DOAJ akwai wurin da za ka tace ka ga waɗanda ba su da kuɗin bugu kawai, ka kuma tace da harshe. Mai rubutu da Faransanci a fannin tarihi ko ilimin ƙasa zai tarar da irinsu da yawa a shafin mujallu na OpenEdition, na aikin gona da lafiya kuma ya leƙa AJOL, wanda ke tattara mujallun Afirka tun 1998.

Ko a mujallar da ke karɓar kuɗi, marubucin Nijar yana da ƙofa. Ƙasarmu tana rukunin A na shirin Research4Life, wanda ke ba jami'o'i da asibitoci da cibiyoyin bincike damar karanta dubban mujallu kyauta ta Hinari da AGORA da sauransu (hukuma ce ke rajista, ɗakin karatu ke riƙe kalmar sirri), kuma kamfanoni da dama suna amfani da wannan jeri wajen yafe kuɗin bugu. Inda ake faɗawa rami shi ne lokaci da sharaɗi. Ana neman yafewar ne ranar aika maƙala. Bayan an karɓa an turo takardar biya, da wuya a saurare ka, ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu kamfanonin suna duba adireshin marubucin da ke hulɗa da mujalla ne kaɗai, wasu sai duk marubutan sun fito daga ƙasashen jerin. Idan aka bar abokin aiki na Monfeliye a Faransa ya zama mai hulɗa don intanet ɗinsa ya fi ƙarfi, yafewar na iya tashi. Sannan mujallun da ke da ƙofa biyu, waɗanda ake biyan kuɗin shekara a karanta su amma suna sayar da buɗewa ga maƙala ɗaya-ɗaya, yawanci ba su yafewa. A irin waɗannan babu dalilin biya. A buga ta hanyar da aka saba ba da ko sisi ba, a ajiye amintaccen kwafi a rumbu.

Buɗaɗɗiyar mujalla za ta nemi ka zaɓi lasisin Creative Commons (CC), wanda ke faɗa wa mai karatu abin da aka yarda ya yi da maƙalar, a nan ma ana zaɓe da ka. CC BY yana ba kowa izinin kwafa, rarrabawa, fassarawa, har da sayarwa, muddin ya ambaci sunanka, ya nuna lasisin, ya faɗi idan ya sauya wani abu. Ƙarin NC ya hana amfani don kasuwanci. ND ya hana rarraba abin da aka sarrafa daga aikin. SA ya tilasta wanda ya sarrafa ya saki nasa da lasisi iri ɗaya. Malamai kan ruga zuwa BY-NC-ND saboda yana kama da wanda ya fi tsaro, kada wani ya ci da guminsu. Sai dai a doka fassara sarrafawa ce. Ɗauki maƙala kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero, wadda aka yi gwajinta a gonakin Magarya. Malamin gona yana so ya mayar da ita Hausa ko Barbarci ya raba wa ƙungiyoyin manoma, ND ya hana shi sai da izini. Izinin kuma sau da yawa ba a hannunka yake ba, domin wasu kamfanoni, idan ka zaɓi NC ko ND, suna sa ka ba su ikon kasuwanci da na sarrafawa su kaɗai. Ka hana maƙwabcinka, ka bar wa kamfanin ɗab'in da ke can Amsadam. Ga binciken da aka yi don mutanen yankin nan su amfana, CC BY ya fi dacewa a ganinmu. Satar fasaha ba lasisi ke hana ta ba: wanda ya kwashe rubutunka ya sa sunansa ya saɓa CC BY kamar yadda ya saɓa kowane lasisi.

Abu biyu game da waɗannan lasisai. Ba a janye su, wanda ya samu kwafi a ƙarƙashin CC BY yana da wannan izini har abada ko da ka sauya ra'ayi. Kuma ba ka da ikon sa lasisi kan abin da ba naka ba. Taswirar da ka ɗauko daga littafin wani, ko zanen da ka kwafo daga tsohuwar maƙalarka wadda ka riga ka miƙa haƙƙinta, sai an nemi izini a rubuce, a kuma nuna a ƙarƙashin hoton cewa lasisin maƙalar bai shafe shi ba. Manyan kamfanoni suna ba da irin wannan izini ta shafin RightsLink, sau da yawa kyauta idan marubucin ne da kansa ke nema.

Idan da kuɗin wani aka yi binciken, a duba takardar tallafi kafin a zaɓi mujalla, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu ba da tallafi da suka haɗu a Plan S, wanda aka sanar a 2018 ya fara aiki a 2021, suna so maƙala ta fito a buɗe nan take da CC BY, babu wa'adin kulle. Dabarar da suka fito da ita tana da amfani ko ga wanda ba su ba shi kuɗi ba: a rubuta a wasiƙar rakiya da kuma cikin maƙalar, tun ranar aikawa, cewa marubuci ya riga ya sa lasisin CC BY kan duk amintaccen kwafin da zai fito daga wannan aikawa. Tunda sanarwar ta riga yarjejeniya, kamfani ya karɓa ne da saninsa. Wasu mujallu kan ƙi, gara su ƙi a makon farko da a wata na takwas. Wanda kuma yake aiki da masu binciken IRD, cibiyar bincike ta Faransa, ko wata jami'ar can ya san cewa dokar Faransa ta 2016, sashe na 30, ta ba marubuci ikon sakin amintaccen kwafi bayan wata 6 a fannonin kimiyya da likitanci, wata 12 a fannonin zamantakewa, idan aƙalla rabin kuɗin binciken na hukuma ne, ko me yarjejeniya ta ce. Abokin aikin can yana iya ajiye kwafin a HAL, buɗaɗɗen rumbun maƙaloli na Faransa, a madadin kowa.

Ajiyewa kanta ba ta cin minti talatin idan intanet bai yanke ba. A fara da neman sunan mujallar ko lambar shaidarta, wato ISSN, a shafin Open Policy Finder, wanda aka daɗe ana kira Sherpa Romeo. Zai nuna wane kwafi aka yarda, a wane irin wuri, bayan wata nawa, da wane lasisi. Idan ya saɓa da yarjejeniyar da ka sa wa hannu, yarjejeniyar ce ke aiki. Daga nan a mayar da amintaccen kwafin PDF, a rubuta a samansa cikakken sunan mujalla, shekara, juzu'i da lambar DOI ta bugun ƙarshe, wato lambar dindindin da ake gano maƙala da ita a intanet, don mai karatu ya san abin da zai ambata. Rumbun Zenodo, wanda cibiyar binciken fizik ta CERN ke riƙe da shi tun 2013, kyauta ne kuma yana karɓar kowa. Ana shiga da imel ko da ORCID, lambar shaidar mai bincike, a ɗora fayil, a cika sunayen duk marubuta. Wurare biyu ake kuskure. Gurbin lasisi yana zuwa da CC BY a cike, idan mujallarka ta ce BY-NC-ND sai ka sauya da hannunka. Gurbin wa'adin kulle kuma, a sa ranar da zai ƙare, rumbun zai buɗe fayil ɗin da kansa ranar, ba sai ka tuna ba. HAL yana duba abin da aka ɗora kafin ya fito, kuma abin da ya fito ba a cire shi, don haka a samu yardar abokan rubutu tukuna. CAMES ma tana da rumbunta, DICAMES. ResearchGate da Academia.edu kamfanonin kasuwanci ne, mujallu da yawa ba su lissafa su cikin rumbunan da suka yarda da su, kuma an sha sauke PDF ɗin kamfani daga cikinsu bisa buƙatar masu haƙƙi.

Mujallun damfara sun samu kasuwa ne a wannan tsakani, inda matsin hawa matsayi ya haɗu da biyan kuɗin bugu. Saƙo zai zo yana yabon wata tsohuwar maƙalarka, a yi alkawarin bugawa cikin kwana biyar kan dala 80. A 2019 wata kotun Amurka ta ci kamfanin OMICS tarar sama da dala miliyan 50 kan irin wannan yaudara. Asarar ta wuce kuɗin: ka miƙa haƙƙi, mujallar kirki ba za ta karɓi abin da aka riga aka buga ba, kwamitin fanninka a CAMES kuma yana iya ƙin lissafa ta. Kafin aikawa a duba ISSN a shafin cibiyar ISSN ta Paris, a nemi sunan mujallar a cikin kundin DOAJ ko na Scopus kansu, kada a yarda da tambarin da ta manna a shafinta.

Saura masu riƙe da mujallunmu na gida, na fakilte da na labo, a Jami'ar André Salifou da sauran jami'o'in ƙasar. Yawancinsu a buɗe suke a niyya, babu mai neman kuɗi daga mai karatu, amma babu takardar da ta faɗi haka. Mujallar da ba ta rubuta komai kan haƙƙi ba, doka tana ɗaukar cewa an hana kwafa, kuma DOAJ ba ya karɓar ta. Shafi ɗaya ya isa: marubuci yana riƙe haƙƙinsa, ya ba mujalla izinin bugun farko wanda ba nata ita kaɗai ba, maƙaloli suna fita da lasisi kaza. A buga wannan a shafin mujalla, a kuma sa shi a ƙasan shafin farko na kowace maƙala. DOAJ ba ya karɓar kuɗin nema, yana son ISSN da aka tabbatar, bayanin yadda ake tantancewa, sunayen kwamitin edita da inda suke aiki, da aƙalla maƙalar bincike biyar a shekara.

Kuskuren da ya fi ɓoye aikin mujallun nan shi ne ɗora fitowa guda cikin fayil ɗaya mai shafi 400. Google Scholar yana son kowace maƙala a fayil ɗinta, rubutun ya zama wanda ake iya kwafa, girman kada ya wuce megabait 5. Fitowar da aka ɗauki hotonta da na'urar sikan, a wurinsa hoto ce kawai. Manhajar OJS kyauta ce, tana ba kowace maƙala shafinta da take da taƙaitawa yadda injunan bincike ke karantawa. Lambar DOI ma ta sauƙaƙa, domin tun Janairu 2023 Crossref, mai ba da lambar, ya yafe kuɗin zama mamba da na rajistar maƙaloli ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, Nijar tana ciki. Sunan shafin intanet kuwa a yi rajistarsa da sunan jami'a da imel ɗin hukuma, a rubuta ranar sabunta shi inda sakatariya za ta gani, domin idan yana kan imel ɗin malami ɗaya, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki fitowar shekara goma na iya ɓacewa tare da shi.